Turancin Ya Gyaru, Amma Nawa Ne?

Assalamu alaikum Anti Uwani. Don Allah ki taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Ina digiri na biyu a fannin noma nan Sakkwato, bincikena kan yadda manoman Kwalkwalawa ke adana albasa. Shiga gona bai dame ni ba, Turanci ne matsalata. Babin farko da na kai wa malamin da ke duba aikina, jajir ya dawo da jan biro. Ƙawata Hindu ta nuna mini wani kwas na intanet mai koyar da rubutun bincike, da wata manhaja mai gyara jimla. Kwas ɗin ya shiga raina, ko a Keke Napep daga Gidan Igwai kallonsa nake. Manhajar kuwa, in na zuba mata sakin layi sai ta maido shi sumul, har in riƙa mamakin kaina.

Makon jiya Malam ya karanta babi na biyu bai ja layi ko ɗaya ba, sai ya tambaye ni ma'anar wata kalma a ciki. Anti, ban san ta ba. Da na koma gida na bi aikin a tsanake, na tarar da wani abin. Wani manomi ya ce mini albasa kan shaƙe in ba ta samun iska, manhajar ta mai da maganar wai cuta ce ke kama ta. Ba haka ya faɗa ba.

To koyo nake, ko yi mini ake? A ina iyakar take? Ga ranar kare bincike na matsowa.

Mai son sani, Gidan Igwai

Wa'alaikumus salam, 'yata.

Biyun duka ke faruwa. Kwas ɗin yana koya miki, ki riƙe shi. Manhajar ma ba laifi ba ce, sai dai kin bar ta tana magana a madadinki, alhali ke kika zauna da manoman nan, ba ita ba.

Ki fara rubutawa da kanki, komai karkacewar jimlar. Sannan ki sa ta nuna miki kuskure kawai, ke ki gyara. Kuskuren da ya yi ta maimaituwa, shi za ki koma wa a kwas. Duk kalmar da ba za ki iya bayyana wa Hindu da Hausa ba, cire ta.

Babi na biyu kuwa, ki bi shi layi-layi ki maido wa manomin maganarsa yadda ya faɗe ta. Ki je wurin Malam ki gaya masa abin da kike amfani da shi, ki tambayi dokar sashenku. Da alama ya riga ya gane, jira yake ki fara.

Jan biro zai dawo, kar ki karaya. Ranar kare binciken ke kaɗai za ki tsaya gaban malamai, kuma Turanci mai sauƙi da kika fahimta zai fi fisshe ki. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka.

Anti Uwani