Ƙahon Maitama

Zuwa ga Malam, a Dayi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ya yaron nan? Allah ya sa yana karɓar kunu, tunda yayen ya zo mashi ba shiri.

Malam, jiki dai shiru. Sau uku ke nan ana sa mani ruwan magani a jijiya, ƙullutun nonon nan ko motsi. Ga Ifeyinwa, mai shagon atamfa a Funtua, gadonta na jikin nawa a asibitin nan. Ciwonmu ɗaya, rana ɗaya aka fara mana, nata ya narke saura kamar ƙwayar gyaɗa. Alhamis za a sallame ta. Jiya ɗiyarta ta zo ta haye cinyarta, ni na juya ina kallon bango. Allah ya yafe mani, har leƙen ledar ruwanta nake in ga ko ta fi tawa ja.

Na tambayi likita ko don tana jin Turanci ne. Ya ce a'a. Wai jijiyoyin cikin nawa ƙullutun yoyo suke, ruwan da suke yoyon ba ya da mafita, sai ya yi tam yana turo komai waje. Ya ce kamar ka zuba taki a fadamar da ke tsattsafo, ruwa zai kore shi bai kai saiwa ba.

To in ruwa ne, me ake jira? Na ce a rubuta maka ka zo da Maitama wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe shi a ɓoye. Mai rubutun ta aje biro ta je ta kai ƙarata. Likita ya ce ruwan ba a wuri guda yake ba, ya ratsa ko'ina kamar damshi cikin ƙasa. Ƙaho miki kawai zai bar mani, a tsaida magani sai ya warke. Yanzu za su fara ba ni wani mai sassauta matsin, ko maganin ya samu hanya. Ina jin tsoro, Malam.

Kwana biyu ina gaba da wadda ta kai ƙarar tawa. Ifeyinwar ce mai rubutun, ba ni da wata. Duk abin da na faɗa a kanta ita ke sa shi a takarda, ta ce ba za ta rage komai ba, kuma ita za ta kawo maka da kanta.

In ta zo ku ba ta ruwa, ku bari ta ɗauki yaron. Amma kada ya daɗe a hannunta.

Ku sa ni a addu'a.

Taka,
Tani