Alawayyon Maharazu

Zuwa ga Baba, Malam Yari, a Tozai.

Gaisuwa da ladabi. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar nan taka? Ina fata Allah ya sauwaƙe.

Baba, tun da Nasara sunka kafa iyaka tsakaninmu da Ƙonni, mijina Maharazu ya kama ƙetarawa da farin yadi, alawayyo, kuma Allah ya buɗa mishi. Ya gina ɗakin ajiya babu taga. Ya toshe ƙofar da muke shiga maƙwabta. Ba ya cin tuwona sai na fara ci a gabanshi. Jiya da hantsi na ji shi cikin ɗakin yana gaida bandiran yadi, yana tambayarsu yadda sunka kwana. Yana yin shiru, kamar ana amsa mishi, sannan ya yi dariya.

A gaida Inna.
Ɗiyarka, Jamilatu.

Zuwa ga Baba.

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Allah ya yi wa surukata Tasalla rasuwa ran Laraba. Da anka nemi likkafani, Maharazu ya tare ƙofar ɗakin yadin da jikinshi. Liman ya ce, "Uwarka ce fa." Ya ce, "Na tambaye su, sun ce ba su shiga ƙasa." Maƙwabta sunka miƙo mana ƙyalle ta saman katanga. Bai bi gawa ba. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

A saka mu cikin addu'a.
Jamilatu.

Zuwa ga Baba.

Gaisuwa. Yaya kunka ji da sanyi?

Bayan sadakar bakwai Maharazu ya kulle kanshi cikin ɗakin ajiyar, ba ci, ba salla. Ran Jumu'a ƙanenshi Halliru ya sa anka ɓalle ƙofar. Gara ta cinye yadin daga ƙasa, in ka taɓa sai ya zube gari. Maharazu kuma yana zaune a tsakiya, garar na hawan ƙafafunshi, yana auna iska da kamu yana ninkewa a tsanake.

Na durƙusa na kira sunanshi, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Ya dube ni, ni da na haifa mishi ɗiya huɗu, ya yi murmushi ya ce, "Baiwar Allah, mi kike so? Kamu nawa za a yanka miki?"

Baba, ka zo. Yara sun daina shiga tsakar gida.

Ɗiyarka, Jamilatu.