Ƙanwata tana jira a zo a ɗauke ta, ni kuma ina gadin rijiyar rini

Daga admin: wata dattijuwa ce ta aiko da wannan da murya, ta ce a rubuta yadda ta faɗa, a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum mutanen wannan guruf. Ni sa'ar kakanninku ce, kada ku yi dariya, tarhon nan jikata ce ta bar mini da za ta koma lakwal, wato makaranta, a Damagaram, ita ta sa ni a cikinku don in riƙa jin muryar mutane. Kullum ina sauraronku, masu kukan miji da masu kukan kasuwa, wani lokaci in ja tsaki, wani lokaci in yi muku addu'a. To yau abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku yi haƙuri in faro daga tushe, ban iya gajeren labari ba.

Garinmu yana ƙasar Dungas, dab da iyaka, ba zan faɗi sunansa ba. Babanmu marini ne, shi da ƙanensa Baffa Ilu. Marinarsu tana bayan gida, rijiyar rini biyu kusa da juna, ɗaya ta Baba ɗaya ta Baffa, suna tsaye kowa da muciyarsa yana motsa shuni suna hira har rana ta take. Hannuwansu baƙi-ƙirin har gwiwar hannu, ko ranar salla haka suke zuwa idi. Yawancin masu kawo musu aiki mutanen ƙetare ne, wajen da a lokacin ake ce wa ƙasar Ingilishi. Masaƙa su kawo fari, a rina, a buge, ranar kasuwa Baffa ya ɗora wa jaki ya kai musu, kafin la'asar ya dawo mana da alewa. Mu ba mu ma san wata ƙasa ba ce, dangin kakarmu duk can suke.

Ina 'yar yarinya, na dai fara ɗaukar ƙaramin tulu, zamanin Nasara ke nan, sai mai shela ya zagaya kasuwa da sabuwar doka daga kumandan, Baturen mulki na Magariya. Wai kowane mai sana'a sai ya yanki fatanti, wato takardar izinin sana'a, kuma duk tufan da zai shigo ko zai fita sai ya bi ta wajen duwan, masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, an biya masa. Farin ya shigo a biya, rinannen ya fita a sake biya, to me ya saura wa marini? Baffa ya gwada hanyar daji kamar kowa, masu tsaron iyaka suka tare shi suka ƙwace kayan kaf. Kayan mutane ne, kunyar ta fi asarar ciwo. Daga nan masaƙan ƙetare suka fara janye ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifinsu ba.

A nan iyayenmu suka yi kuskuren da har yau nake biya. Su a saninsu kowane kumandan da irin tasa rigimar yake zuwa, wani ya dame ku da dashen itace a bakin hanya, wani da sharar gari, ran da aka canza shi sai rigimar ta bi shi, kowa ya huta. Sai suka ɗauka wannan ma haka take, doka kayan kumandan ce, zai naɗe ta ya tafi da ita. Suka yanke shawara Baffa ya ƙetara ya haƙa rijiya a can ya riƙe musu masu kawo aiki, kafin a canza wannan mai taurin kan. Matar Baffa ba ta taɓa haihuwa ba, ta yi ta kuka wai za a kai ta inda ba ta da ko mai miƙo mata ruwa, shi ne Baba ya ce a ba ta riƙon ƙanwata mai bi mini, zan kira ta Jummai. Innarmu kuwa, a zamanin uwa ba ta nuna son ɗanta a gaban mutane, ita da hannunta ta ɗaure mata kaya. Ni da Jummai tabarma ɗaya muke kwana, zane ɗaya muke rufa. Aka ce mata kwana kaɗan ne, da an canza kumandan za a zo a ɗauke ta. Wallahi tana dariya ta tafi, don an ɗora ta a kan jaki, ni kuma na tsaya ina kumburi don ba ni aka ɗora ba.

Aka canza kumandan, Baba har zakara ya yanka. Sabon da ya zo ya ƙara masu tsaro a hanya. Aka sake canzawa, haka. Da aka ce Nasara sun tafi ƙasa ta dawo hannun 'yan ƙasa, Baba ya ce to yanzu kam Ilu zai dawo, ashe fuskokin masu duwan kaɗai suka canza. Baffa kuwa aiki ya karɓe shi a can, ya yi gida, ya yi gona, a can ya rasu. Baba ya ci gaba da rini shi kaɗai, aikin yana ta raguwa, daga baya atamfar kanti ta zo ta ƙarasa shi. Amma duk shekara in damina ta wuce sai ya gyara bakin rijiyar Baffa ya rufe ta da sabon murfi. Nakan ji shi daga cikin gida yana motsa shuni yana magana, in leƙa in ga ba kowa.

Jummai ta girma a can, aka aurar da ita wani gari can ciki. Ba wai ba ma haɗuwa ba, mukan haɗu a biki ko rasuwa, a shimfiɗa mana tabarma a ce ga yayarki nan, mu gaisa, ina gajiya, ina yara, ina mai gida, sai maganar ta ƙare. Mu zauna kamar baƙi biyu masu jiran mota. Ita da mutanenta suna da labaransu da abin dariyarsu, ni ban san kowa a ciki ba. Wannan ya fi mini rabuwar farko ciwo, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku.

Da mijina ya rasu na dawo gidanmu na yi jinyar Baba. Maganarsa ta ƙarshe da ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ki bari a cike rijiyar Ilu." Na ce to, Baba. Yanzu ni kaɗai ce a gidan. 'Ya'yana maza biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Damagaram, suna aiko mini da abin da ya sawwaƙa, Allah ya yi musu albarka, amma ba a hira da buhun gero. Sa'o'ina duk sun riga ni. Da safe in na yi salla sai in ɗauki tsintsiya in share marina, in duba murafe, in zauna a bakinta har rana ta kore ni. Ba hauka nake ba, na san Baffa ba zai dawo ba. Wurin ne kawai ya rage da ya san ni ina yarinya.

To bana sai ga wata dokar daga meri, wato ofishin magajin gari, wai duk tsohon rami da ke cikin gari a cike shi saboda yara da sauro. Ba na musu da su, akuyar maƙwabta ta taɓa afkawa ciki da iska ta ɗauke murfin. Ma'aikacin da aka aiko mai ladabi ne, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, muddin kina gidan kina rufe rijiyoyin nan, mu ba mu gani ba. Amma ran da aka sa wa ƙofar nan kwado, sai mu kawo ƙasa." Babban ɗana da ya ji, murna ya yi, wai dama filin ya dace da shaguna. Muka yi cacar baki a tarho, ya ce na ƙare rayuwata ina gadin rami, na ce ramin ne ya ciyar da wadda ta ciyar da shi, na kashe. Tun ranar gaisuwarmu ta zama gajeriya.

Ana cikin haka ɗan Jummai ya kira ni. Ya ce tsufa ya taɓa mata hankali, ba ta gane 'ya'yanta, kullum da safe sai ta ɗaure zannuwanta ta zauna a bakin zaure, duk wanda ya wuce ta tambaye shi ko an canza kumandan. Ya kara mata tarhon a kunne, na yi sallama, sai ta ce, "Yaya, ke ce? Ki ce wa Baba na gaji da baƙunta, a zo a ɗauke ni." Muryar tsohuwa, maganar yarinya. Sai hawaye kawai. Na ce wa ɗan nata su kawo mini ita, ga ɗaki, ga ni. Ya ce ba zai yiwu ba, likitanta da maganinta suna can, hanyarmu kuma ba ta mara lafiya ba ce, kuma na san gaskiya ya faɗa. Ya ce, "Inna Babba, ke za ki zo. Ke kaɗai take kira, mu duk ta manta da mu." Ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai turo mota.

Ku gane, wannan ba ziyara ba ce. Da waɗannan gwiwoyin ba a zuwa a dawo, kuma in ta gan ni ta riƙe zanena ba zan iya zare hannunta in taho ba. In na tafi an sa kwado, an cike rijiyar, na saɓa wa mahaifina maganar da ya bar mini yana kan gargara. In na zauna, ƙanwata za ta mutu a bakin zauren mutane da ƙunshin kaya a cinya. Na nemi wanda zai zauna mini a gidan, matasa ba mai son ɗakin ƙasa, ɗana kuma ya ce ba ruwansa. Malamin unguwarmu ya ce mai rai ya fi rami, na ji shi, amma ba hannunsa aka riƙe ba.

'Ya'yana, jikokina, ku da kuka yi karatu, ku gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba, admin za ta karanta mini duk abin da kuka rubuta. In tafi ko in zauna? Kuma in na tafi, na zauna kusa da ita, ta dube ni ta ce Yaya tashi mu je gida, me zan ce mata?