Sauron Duwatsun Fagam

Zuwa ga ƙanena Isiyaku,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ciwon gwiwar taka? Mu nan da sauƙi.

An taɓa gaya mini wai da damina sauron duwatsun Fagam ba ya jiran magariba, kuma ta cikin riga yake cizo. Na yi dariya. To, makon jiya na saɓa jaka na hau neman saiwar da ka roƙa don gwiwarka. Gidan sauro na bar shi a gida, wai nauyi. Na ce busasshen kashin shanu zan turara ya kore su, yadda muka saba. Na manta damina ce. Duk wanda na tsinta jiƙaƙƙe ne, har ashana ta ƙare bai kama ba. Kwana ɗaya na iya, na sauko fuska a kumbure, babu saiwa. Yanzu zazzaɓi nake jinya.

Ka yi haƙuri sai kaka. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajiya da yara.

Yayanka, Sale.

Af, wadda ta ninke gidan sauron ta cusa mini a jaka jiya ita ce ta gaya mini zancen sauron tun farko: matata Asabe.