Dutsen Kaka Laure

Argungu,
14 ga Oktoba, 1993

Zuwa ga Yaya Abdussamadu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Legas. Allah ya ƙara rufa asiri, amin. Mu nan lafiya lau. Shinkafar Zauro ta yi kyau bana, matata Munira kuma ta sauka, an samu ɗiya mace.

Yaya, wasiƙarka ta hana ni zama wuri ɗaya! Ka ce za ka aiko mini da kyamara, in zaɓa tsakanin ƙaramar kyamara mai walƙiya, wadda ke yin komai da kanta, da tsohuwar nan mai nauyi da ake sauya wa gilashi. To wallahi mai nauyin nika so, kuma ga dalili. Ka san labulen shagona na hoto, wanda aka zana wa duwatsun Turai masu ƙanƙara. Ran sallah Kaka Laure ta zo in ɗauke ta, ta ƙura wa labulen ido, ta ce wai mijin banza ne ni, na aje ta gaban dutsen da ko akuya ba ta taɓa hawa ba. Ita dutsen garinsu take so, can ƙasar Zuru, wanda rabonta da shi shekara hamsin. Ƙafa ta ƙi, ba ta iya tafiyar mota, ga yanar ido kullum tana ƙaruwa.

Na kwashi jiki na tai Zuru da kyamarata ta fasfo don in ɗauko mata dutsen. Kai, na sha kunya! Mu 'yan fadama mi muka sani game da tudu? Na matsa kusa da dutsen kamar mai ɗaukar amarya, da tsakar rana, har da kunna masa walƙiya. Da na wanke hoton a Birnin Kebbi, sai ga wani baƙin abu kamar gindin tukunya. Kaka ta juya shi sama da ƙasa, ta tambaya ko bangon ɗakin girki ne.

Wani tsohon mai hoto ya wayar mini da kai. Ya ce sai gilashi mai faɗi da zai kwaso dutsen har da sama, da ƙafa uku ta ɗora kyamara don kar hannu ya yi rawa, da fim mai launi, kuma a tsaya nesa da hantsi. Don Allah haɗo su duka, ka ba direban motar albasa da zai dawo. Zan wanke hoton ya kai girman labule, in zaunar da ita gabansa.

Ka hanzarta, Yaya. Jiya na sa jar hula, Kaka ta yaba mini ita, ta ce baƙar ta yi mini kyau.

Ka gaida Ummu Hani, da Ikrima da Kausar. Inna na sa maka albarka.

Ƙanenka,
Mujtaba