Hawainiya da Dariyar Inna

Litinin, 3 ga Maris

Na sayo kyamara a shago, na kawo gida. Ba ta fi sabulun wanka girma ba, kuma ita ce mafi araha a shagon. Mai shago ya ce in gwada ta zuwa Asabar, idan ba ta yi mini ba in mayar. Maigida ya jujjuya ta ya ce wai wayata fa? Wayar da ke fito da mutum kamar an hango shi ta cikin ruwan wanki.

Dalilina ɗaya ne. Ƙarshen wata Yaya zai zo ya tafi da Inna wurinsa, kusa da asibitin da ke duba ƙafarta, kuma wurin da nisa. Hotonta ɗaya gare ni, na katin shaida, ta haɗe rai kamar an ci ta tara. Wannan ba uwata ba ce. Uwata idan dariya ta kama ta sai ta dafa bango. Ita nake so in rataya a ɗakin ɗinkina.

Talata, 4 ga Maris

Alherinta: ba nauyi, tana shiga jaka, maɓallanta kaɗan ne, ko ni na gane su. Da rana launi yana fita tas, shuɗin yadin da nake ɗinkawa ya fito shuɗinsa.

Sharrinta kuwa. Batir yana ƙarewa kafin a dafa shayi. Ka jawo abu kusa, ya dagule. Da yamma na kunna fitilarta, Maigida ya fito da jajayen idanu, yara suka yi ta birgima don dariya. Babban abin haushin shi ne jinkirinta. Ka danna, sai ta tsaya ta yi shawara da zuciyarta, sannan ta ɗauka. Na ɗauki kyanwarmu, wutsiya kawai na samu. Maigida ya raɗa mata suna Hawainiya.

Laraba, 5 ga Maris

Na gwada Inna. Ta sako mayafin fita, ta zauna ƙiƙam, ta ɗaure fuska. Na roƙe ta ta ɗan yi murmushi, ta ce hoto ba wurin wasa ba ne, jikoki za su gani wata rana. Duk abin da na ɗauka katin shaida ne. Raina ya ɓaci sosai. Asabar zan mayar da abar nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau kam!

Na sake zaunar da Inna a bakin ƙofa, inda haske yake. Na danna. Ta ce ta cikin haƙora, "An gama?" Na ce an gama, don ni ma na ɗauka an gama. Ta sauke ajiyar zuciya, ta waiga ta ga Maigida ya fito da riga a baibai yana ta neman mukulli, ta tuntsire da dariya. A lokacin Hawainiya ta gama shawararta, ƙyas.

Hoton ya ɗan karkace, hannunta ya yi dishi-dishi. Amma ita ce. Ga giɓin haƙorin, ga idon da ke shigewa. Na shige ɗakin ɗinki ina ta kallo har dutsen guga ya kusa cinye wuyan rigar mutane. Daɗi kamar ya kashe ni.

Juma'a, 7 ga Maris

"An gama" yana aiki a kan kowa. Har maƙwabciyata, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na bi ta gaban shagon, na gaida mai shago daga nesa, na ƙara sauri. Batirin dai har yanzu fitina ne.

Lahadi, 30 ga Maris

Yaya ya zo, an loda kaya. A bakin mota Inna ta karɓe kyamarar daga hannuna ta miƙa wa Maigida, ta ce wata guda ina ɗaukar jama'a, ni wa ya ɗauke ni? Ta jawo ni jikinta. Maigida ya ce in saki fuska mana, wai sak katin shaidar Inna. Ashe gado ne.

Ya danna. Inna ta dube ni ta wutsiyar ido, irin kallon da ke nuna ta daɗe da gano wayona, ta ce, "To, an gama?"

Na ce, "Ba a gama ba, Inna."

Ta yi dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. Hawainiya ta jira mu.

Wannan hoton na sa aka wanko mini babba, na rataya saitin keken ɗinki. Kyamarar kuwa ban ce ta burge ni ba. Ƙyallen shuɗin nan ne ya yi saura, na ɗinka mata jaka.