Addu'ar da Ka Roƙa wa Epoy

Baban Epoy,

Na tafi kasuwa. Ban tashe ka ba, na san jiya ka sha aikin Ubangiji.

Sannu da ƙoƙari. Tun da muka fara koyar da yaron nan a gida nake lallaɓa shi ya rubuta fiye da layi biyu. Jiya da kansa ya cika shafi guda da labarin Dawuda da Goliyat, har da zakaran kakansa a cikin mayaƙa. Kai kuma ka kwashi takardar sai taron addu'a, ka karanta a gaban kowa, ka ce, "'Yan'uwa, a sa rubutun ɗana a addu'a." 'Ya'yan Fasto Rodel suka yi ta dariyar kurakuransa, matarsa har da ɗora wa yaron hannu a ka.

To, addu'a ta karɓu. Ba zai ƙara yin kuskure ba, don da safen nan ya ce mini, "Mama, na bar rubutu sai Yesu ya dawo." Fensirin ma a karye na same shi.

In ya tashi, ban da wa'azi, ban da gyara. Ka tambaye shi yadda zakaran ya ƙare, don bai gama labarin ba, ka roƙe shi ya rubuta maka.

Akwai shinkafa da soyayyen kifi. Laraba mai zuwa ni zan jagoranci taron, kuma ina da miji da zan sa a addu'a.

Luz